Ranakun Hutun Tela

Duk wanda ya ga Tela a bayan keken ɗinkinsa sai ya tausaya wa keken. Ƙato ne na gaske, wuyansa da kansa kaurinsu ɗaya, in ya zauna kujera kan yi ƙara sau ɗaya ta haƙura. Amma hannun nan da ke ɗaga ƙarfe mai nauyin mutum uku, shi ne dai yake zura zare a allura ba tare da ya lashi bakin zaren ba. Aibinsa ɗaya ne tak, kuma ba a jikinsa yake ba: bai iya cewa a'a ba. Mutum ya kawo yadi ya ce gobe yake so, Tela ya ce to. Wani ya biyo baya ya ce shi ma gobe, Tela ya ce to. Matarsa, Maman Biyu, ta sha faɗin cewa da za a zo aron ƙofar gidansu, mijinta da kansa zai kwance ta ya kai wa mai aro har gida, ya dawo yana ba ta haƙuri a kan sauro.

Ƙarfen kuwa a wajen Baffa ya koya. Baffa ƙanin mahaifinsa ne, shi ya riƙe shi tun rasuwar uban. A bayan gidan Baffa akwai ɗan fili da aka rufe rabinsa da kwano, nan kayan suke: doguwar sandar ƙarfe guda, fayafayan ƙarfe manya da ƙanana, benci na katako, da turaku biyu masu baki kamar gwafa, waɗanda ake ɗora sandar a kansu. Turakun nan mahaifin Tela ne ya yi waldarsu da hannunsa, kuma Baffa ba ya bari a rataya musu ko riga. A da filin nan sai an yi layi. Baffa ya je gasa ya dawo da lambobi, ya kai wasu su ma sun dawo da nasu. Sai gidajen motsa jiki masu madubi da fanka da kiɗa suka buɗe a gari, samari suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce nisa, wani ya ce aiki, wani bai ce komai ba, sai dai in ya hango Baffa a hanya ya tuna yana da saƙo a wani layin. Aka wayi gari saura Tela kaɗai. Baffa bai taɓa faɗa ba, amma Tela ya sani sarai: ranar da ya daina zuwa, ranar filin zai rufe, kuma tsohon ba shi da wani abin da yake tashi dominsa da safe.

Da aka sanar da gasar bana, Baffa ya ce lokacin Tela ya yi. Gasar ba wani ɓoyayyen abu ba ce, ɗagawa ce iri uku. Ka sa sanda a kafaɗa ka tsuguna ka miƙe. Ka kwanta a benci ka sauko da ita ƙirji ka tura ta sama. Sannan ka ɗauke ta daga ƙasa ka tsaya cak. A haɗa nauyin ukun, wanda ya fi shi ya ci. A baki ba wuya.

Tsarin Baffa tsohon tsari ne, bai taɓa canja shi ba tun yana da baƙin gashi: kaɗan, amma mai nauyi. Litinin, Laraba, Juma'a, da yamma bayan an rufe shago. A ɗora nauyi sosai, a ɗaga 'yan kaɗan, a zauna a huce, a sake, a tashi. Duk mako a ƙara ƙaramin faifai ɗaya a kowane gefe, shi ke nan. Inda Baffa yake da tsanani shi ne sauran ranakun. Ya ce ranar Talata da Alhamis da Asabar ko bokitin ruwa kada Tela ya ɗauka, ya ci ya ƙoshi, ya kwanta da wuri, don a fili jiki wahala kawai yake sha, ƙarfin a kan katifa yake shigowa. Ya ce duk wanda ya ci amanar ranar hutu, sandar da kanta za ta tona shi. Tela ya ce to.

Matsalar ta ƙofar alheri ta shigo. Maman Biyu, don murna, ta gaya wa yayanta cewa mijinta zai shiga gasa. Yayan nan nata shi ne mai ɗaya daga cikin gidajen motsa jikin nan masu madubi, kowa Koci yake ce masa, har uwar da ta haife shi. Kada a ɗauki alhakinsa, mutumin kirki ne, ya san aikinsa, ya kai mutane gasa sun dawo da farin ciki. Da jin labari bai aika ba, bai buga waya ba, ya tako da ƙafarsa har shagon Tela, ya zauna a kan buhun ƙyallaye. Ya ce ai abin kunya ne mijin ƙanwarsa ya shiga gasa shi yana gari bai sa hannu ba. Ya ce ya san Baffa ya yi nasa zamanin, ya kamata a bar shi ya huta. Ya ce Talata, Alhamis, Asabar, da sassafe kafin a buɗe shago, ko da matsala?

Tela ya buɗe baki. Maganar tana nan, ta hau har maƙogwaro, ya ji ta. Sai ya dubi yayan matarsa, babban mutum, zaune a kan buhun ƙyallaye da zare maƙale a wandonsa, duk saboda shi.

"To, Yaya," in ji shi.

Tsarin Koci daban ne. Nauyi matsakaici, amma a yi ta maimaitawa har mutum ya manta sunansa. Ga waya a kafe a gefe tana ɗaukar hoto, in an gama a zauna a kalla, a ce ga inda gwiwa ta shigo ciki, ga inda ƙirji ya faɗi, a tashi a sake. Tela ya ƙaru sosai, ba ƙarya. A ranar farko, da za su rabu, Koci ya dafa kafaɗarsa ya yi masa gargaɗi da murya ƙasa-ƙasa: Litinin da Laraba da Juma'a na hutu ne, ba na wasa ba. Ya ci, ya sha ruwa, ya yi barci. Ya ce yawancin waɗanda ya ga sun lalace a harkar nan ba nauyi ne ya lalata su ba, rashin hutu ne. Tela ya gyaɗa kai kamar yau ya fara ji.

To ga mutum biyu, kowanne masani, kowanne ya ba Tela hutun kwana uku da gargaɗi mai zafi. Shi kuma bawan Allah ya kwashi hutun da Baffa ya ba shi ya kai wa Koci, ya kwashi wanda Koci ya ba shi ya kai wa Baffa. Saura Lahadi, kuma Lahadi ita ce ranar da yake biyan duk "to" ɗin da ya yi wa masu ɗinki a cikin mako. A ransa ya ce ai na ɗan lokaci ne, in gasa ta wuce kowa zai ɗauka shi ya yi aikin, ba wanda ransa zai ɓaci.

Makonnin farko har abin ya so ya ba shi gaskiya. Jiki na da ajiya, ajiyar ya yi ta ci. Baffa ya ga nauyi yana tashi, ya fara fitowa fili da wuri yana share siminti yana 'yar waƙa. Koci ya ga tsugunon ya gyaru, ya riƙa nuna wa sauran samari hoton yana cewa su ga abin da biyayya take yi. Tela ya koma gida ya gaya wa Maman Biyu cewa wataƙila ma ya gano abin da masana ba su gano ba. Ta ce Allah ya sa, ta ci gaba da tankaɗenta.

Daga nan sai ajiya ta ƙare. Barci ne ya fara yi masa rowa: ya kwanta a gajiye liƙis idonsa biyu, da rana kuma a kan keke sai gyangyaɗi. Abinci ya daina yi masa daɗi, mutumin da a da ake ɓoye masa tukunya. Gwiwoyinsa suka koma su ke fara gaishe da mutane kafin bakinsa. 'Yan biyunsa da suka saba lilo a damatsansa, rannan ya daka musu tsawa, suka tsaya suna kallonsa don ba su san yana da ita ba. A shago kuwa, ya ɗauki allura da zare, ya lashi zaren, ya sake lasa, har ya jiƙe. Wani malamin makaranta ya kawo wando a rage masa tsawo. Tela ya rage ƙafar hagu, ya ɗan gyangyaɗa, ya farka, ya sake rage ƙafar hagu. Malamin ya saka wandon a bayan labule, ya fito ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya tambaya cikin ladabi ko haka ake yayi yanzu.

Maman Biyu ta ce masa abin nan ya isa, ya zaɓi ɗaya. Ya ce in makon nan ya wuce. Makon ya wuce, ta sake magana, ya ce in na gaba ya wuce. Ta ce to ita za ta gaya wa yayanta, ai ciki ɗaya suka fito, in ya yi fushi ta san inda ake kashe shi. Tela ya roƙe ta kada ta yi, ya ce Yaya da ƙafarsa ya zo, a kan buhu ya zauna. Ta ce to ta gaya wa Baffa. Sai ya kalle ta kamar ta ce a fitar da tsohon a ajiye a titi. Daga nan ta rantse ta cire bakinta, ta koma dafa masa ƙwai tana ajiyewa a gabansa da ƙarfi.

Su kuwa masu horon, kowanne ya ga sandar ta fara tafiya a hankali, kuma kowanne ya yi abin da ya dace. Koci ya kalli hoton waya, ya tambaye shi ko yana barci, ya ce yana yi. Ko yana hutawa ranakun hutu? Tela ya ce yana bakin ƙoƙarinsa, wanda a wata fuskar gaskiya ne. Koci ya ce jiki ya tara gajiya, ya ba shi mako guda na sassauci, nauyi kaɗan, a tashi da wuri. Makon nan kuwa shi ne makon da Baffa ya ware don gwada nauyi mafi girma. Baffa ya ga gwajin bai yi kyau ba, shi ma ya ce mako mai zuwa a sassauta, daidai lokacin da Koci ya ce tunda an huta sai a dawo da ƙarfi. Haka Tela ya samu hutu sau biyu a jere bai huta ko ɗaya ba. Da Koci ya rasa dalili sai ya kira ƙanwarsa ya yi mata faɗa, wai ba ta kula da cimar mijinta, wai ko tana tayar masa da hankali a gida. Maman Biyu ta saurara har ya gama, ta ce, "To, Yaya." Ta ce a wajen mijinta ta koya.

Koci dai ya zargi ƙanwarsa, ya zargi katifa, ya zargi keken ɗinki. Baffa bai zargi kowa ba sai kansa. Waƙar shara ta tsaya. Ya riƙa zama a kan benci bayan an gama, yana kallon fayafayan kamar su ne za su gaya masa. Tsarin da bai taɓa taɓawa ba ya fara yi masa kwaskwarima: yau ya ƙara, jibi ya rage, wani makon ya sauya jerin ɗagawar, duk ba ta canja zane ba. Rannan yana kwance faifai, bai ɗago kai ba, ya tambayi Tela ko ya san yadda masu madubin nan suke yi yanzu, wai an ce har da waya suke horo. Tela, wanda jiya-jiya ya kalli gwiwarsa a wayar, ya ce bai sani ba. Ya ji kunyar ƙaryar, amma ya fi jin tsoron fuskar da tsohon zai yi in ya ji gaskiya.

Wata Juma'a, saura 'yan makonni gasa, Baffa ya ɗora nauyin da Tela yake tsuguno da shi yana hira a farkon shiri. Tela ya ja ɗamara, ya shafa alli a hannu, ya shiga ƙarƙashin sanda, ya ɗauke ta daga kan turaku, ya ja baya, ya sauka. Saukar lafiya lau. Da ya zo tashi sai ya aika wa ƙafafunsa saƙo suka ƙi amsawa. Ya yi nishi, jijiyar wuyansa ta fito, ya taso kamar tafin hannu, ya tsaya nan, sannan ya fara komawa ƙasa a hankali. Baffa yana bayansa, tsohon da bai kai rabin nauyin sandar ba, ya sa hannu biyu zai tallafa, ya ga abin ya fi ƙarfin tallafi. Ya ce, "Sake ta!" ya kauce gefe. Sandar ta faɗi ta baya, ta fasa siminti, kajin maƙwabta suka watse.

Ba wanda ya ji ciwo. Tela ya zauna a ƙasa yana haki. Baffa ya kawo masa ruwa, ya jira ya sha, sannan ya zauna a bakin benci.

"Ba laifinka ba ne," in ji shi. "Ina kallonka. Ba ka fashi, ba ka musu, abin da na ce shi kake yi. In yaro ya yi duk abin da aka ce kuma ya yi ta komawa baya, mai faɗar ya kamata a duba. Tsarina ya tsufa, ɗana. Wataƙila ma tun can ba wani tsari ba ne, sa'a muka yi ta ci. Waɗanda suka tafi sun riga ni gani." Ya goge allin da ya shafar masa hannu a gwiwa. "Yayan matarka an ce ya iya aikinsa. Ka je wajensa tun da sauran lokaci. In nauyinsa kake ji, ni zan taka in roƙe shi."

Ƙofa ke nan an buɗe wa Tela, an wangale, an ma sa dutse an tokare. Kalma kaɗan ce ta rage. Ya dubi tsohon, ya ga idonsa ya yi ja, ya ji in ya faɗa yanzu zai ƙara masa wani ciwon a kan wannan. Kai, wani mutum sai dai a bar shi da halinsa.

"To, Baffa," in ji shi.

Abin haushin ma, a hanyar gida har wani sauƙi-sauƙi ya ji. Ya shiga ya gaya wa Maman Biyu cewa magana ta warware kanta, Baffa da bakinsa ya sallame shi, ba wanda aka ɓata wa rai. Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa, ta tambaye shi me Baffa yake ganin ya jawo. Tela ya faɗa.

"Baban Biyu," ta ce, "kai ka yi ɓarnar, ka bar tsoho ya ɗauka ya kai ɗaki ya kwana da ita. Wannan ne ba a ɓata wa kowa rai ba?"

Asabar ya je wajen Koci ya yi abin da aka ce. Lahadi ya zauna a kan keke bai ɗinka abin kirki ba. Litinin, ranar hutunsa ta farko ta gaskiya, ya rufe shago da yamma da niyyar ya wuce gida ya kwanta, sai ya tarar da kansa a layin su Baffa. Ya ce bari dai ya gaishe shi.

A ƙofar gidan akwai motar ɗaukar kaya, bayanta a buɗe. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa, gajere mai hular da ta sha mai, yana fitowa daga lungu yana mirgino babban faifai. Cikin motar fayafayan Baffa ne a jibge, sandar an jingina ta a gefe. Tela ya bi lungun ya shiga fili. An share shi tas. Baffa yana tsaye da tsintsiya a hannu, ya ce ai ya ɗauka yau Tela yana can wajen masu madubi. Ya ce ya ga kayan za su yi ta tsatsa ne a banza, gara su yi wa wani amfani. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin an ɗauke wuta.

Mai ƙarafa ya dawo ɗaukar ragowar, ya ga ƙato tsaye a kan hanya, ya ce a ɗan ba shi wuri zai kwashe sauran.

"A'a," in ji Tela.

Kalmar ta fito da tsatsa, don ta daɗe ba a taɓa ta ba. Mai ƙarafa ya dubi Baffa. Baffa ya dubi Tela, shi da ya raine shi bai taɓa jin ta a bakinsa ba.

"Baffa, tun farkon shiri nake zuwa wajen Yaya Koci."

"Yaushe?"

"Talata."

Baffa ya jira.

"Da Alhamis. Da Asabar."

"Ranakun da na ce ka kwanta."

"Su ne."

"Shi bai ba ka hutu ba?"

"Ya ba ni, Baffa."

"Yaushe?"

"Litinin da Laraba da Juma'a."

Mai ƙarafa, wanda bai san komai a harkar ba, ya lissafa da yatsunsa, ya ce Allah ya sawwaƙe.

Tela ya sunkuyar da kai yana jiran mari, kuma da ya zo da ya yi maraba da shi. Bai zo ba. Baffa ya jingina tsintsiyar a bango, ya zauna a kan benci a hankali, ya dubi inda siminti ya fashe. Da ya yi magana ba da Tela yake ba, ba da kowa ba.

"Ashe ba ni ba ne."

Sai ga fuskar tsohon ta saki, kafaɗunsa sun dawo inda suke a da. Nan Tela ya ga girman abin da ya ɗora masa, don sai da aka sauke ya ga yadda ya danne shi. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya gwammace sandar nan ta Juma'a a kansa ta faɗo.

Fushin ya biyo baya, amma ba da ihu ba. Baffa ya ce wato ya bar shi wata da watanni yana zargin kansa, yana tuna duk yaron da ya taɓa horarwa yana cewa ko shi ma cutarsa ya yi, duk don kada a ɓata masa rai? Ya ce yayan matar tasa ma an cuce shi, mutum ya ba da lokacinsa da iliminsa ana yi masa wasa da hankali, kuma gobe Tela zai je ya gaya masa da bakinsa, ba ta bakin mace ba. Ya ce tsarin Koci ba laifi, nasa ma ba laifi, amma jiki ɗaya tsari ɗaya yake ɗauka.

"Ka zaɓa. In nasa ka zaɓa ba zan yi fushi ba." Ya sake duban simintin. "Zan yi, amma zan huce."

"Naka, Baffa."

"Ban ce yau ba. Mutumin da bai yi barci ba, ba a tambayarsa komai. Makon nan ba kai ba ƙarfe, nawa ko nasa. Gasar kuma, in jikinka ya dawo ka shiga, in bai dawo ba akwai baɗi."

Sannan ya tashi, ya zaro kuɗin cinikin daga aljihu yadda aka ba shi a naɗe, ya miƙa wa mai ƙarafa, ya ba shi haƙuri ya ce an fasa. Mutumin ya yi ta ƙunƙuni, ya ce shi ba a yi masa haka, daga baya ya karɓa. Ya cire na lodin farko ya mayar wa Baffa, don wannan ya riga ya tafi tun safe. Tela ya tambaya mene ne a lodin farko, sai kuma ya waiga da kansa. Inda turakun mahaifinsa suke tsayawa ba komai sai tabo biyu na tsatsa a kan siminti. Mai ƙarafa ya ce a wajensu kaya na sauka ake yankawa, dogaye irin waɗannan ma su ake fara yi wa. Ya ce kuma shi lodi aka yi da shi, saukewa ba ta cikin ciniki, ya koma ya zauna a gaban motarsa.

Tela ya nufi lungu zai je ya kwaso kayan. Faifan da ya fi kowanne girma da hannu ɗaya yake ɗaukarsa, ko a gajiye.

"Ina za ka?" in ji Baffa.

"In sauke, Baffa."

"Zauna." Ya nuna masa benci. "Hutu kake yi."

Tela ya ce don Allah. Yatsan Baffa dai yana nan yana nuna bencin. Tela ya zauna, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Tsohon ya fita, ya dawo da ƙananan fayafayai biyu, ya jera su a inda suke. Ya koma. Matsakaitan ya rungumo su ɗaya-ɗaya a ciki, yana tsayawa a tsakiyar lungu ya huta. Manyan kuwa mirgino su ya yi, a sunkuye, hannu ɗaya a kan faifai ɗaya a ƙugu, numfashinsa ana ji tun daga ƙofa. Duk wucewar da zai yi ta gaban benci sai Tela ya ɗan ɗaga, duk ɗagawar sai Baffa ya harare shi ya koma. Tela ya ɗaga nauyi iri-iri a filin nan, bai taɓa shan wuya kamar ta zaman nan ba. Hawaye suka zubo masa, bai share ba, don an ce kada ya motsa.

Sandar ce ta ƙarshe. Baffa ya shigo da ita a kafaɗa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya nufi inda ya saba ɗora ta shekara da shekaru, har ya ɗan ɗaga ta zai sauke a kan turaku. Ya tsaya da ita a sama. Sannan ya durƙusa a hankali, gwiwa ɗaya bayan ɗaya, ya kwantar da ita a ƙasa tsakanin tabon nan biyu, ya gyara mata zama.

Bencin ya yi ƙara a bayansa.

"Kada ka tashi," in ji Baffa, bai ko waiwayo ba.